Shagon Hajiya mai zare a Agege: sai ki je da kuɗinki ta hana ki kashewa

Salam ƴan uwa mata na Ikko da kewaye. Wannan bayanin na masu son su fara taɓa ɗinki ko saƙa ne don nishaɗi da rage zaman banza, masu son buɗe shago su ma za su ƙaru amma gaskiya ba su na nufa ba. Akwai shagon wata dattijuwa a Agege ta ɓangaren Zango, ba nisa da layin dogo, kowa Hajiya mai zare yake ce mata. Gaban shagon kayan ɗinki take sayarwa, zare kala kala, allurai, zif, maɓalli, roba, ulu, kwarashi wato ƙugiyar saƙa, tef ɗin awo, allin tela, shafi, har da ɗan man keke, daga ciki kuma akwai wani ɗaki da ta jera kekuna tana koyarwa. Ni dai na shiga ajinta na ranar Asabar kuma har yanzu ina zuwa, to abin da idona ya gani zan faɗa, mai daɗin da mara daɗin, don wallahi akwai duka biyun.

Zuwa wurin ba wahala kamar da. Wanda ya san Agege kafin a buɗe gadar Pen Cinema a 2021 ya san irin gosulon da ake sha a mahaɗar nan musamman in jirgi zai wuce. Yanzu da sauƙi. Ƴan Idi-Araba za ku iya hawa jirgin Red Line ɗin nan da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga tashar Mushin ku sauka Agege, ƴan Ebute Metta kuma daga Oyingbo. Ni daga Ogba nake, keke Marwa kawai nake hawa. Abu ɗaya dai, in an yi ruwa lungun shagon caɓi yake yi sosai, kar ki saka takalminki na biki.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan shi ne halin matar wajen ciniki. Ni na je ne da dogon lis a waya wanda na haɗa daga bidiyoyin YouTube, saitin kwarashi mai lamba goma sha wani abu, ulu kala shida, tsinken saƙa dogo da gajere, wani abu na ƙirga layi, da almakashi mai haƙora. Na miƙa mata wayar ta gyara tabarau ta karanta har ƙasa sannan ta ɗago ta kalle ni tace "ƴar nan shago za ki buɗe ne?" nace a'a Mama koyo zan fara. Tace to mai koyo me zai yi da wannan tarkacen. Ta juya ta ɗauko kwarashi ɗaya mai lamba 4, na ƙarfe, da ƙwallon ulu ɗaya ruwan madara ta ajiye a gabana tace kuɗin wannan kaɗai za ki bani. Nace ni baƙi nake so don jakar da na gani baƙa ce, tace baƙin zare ba na mai koyo bane, ba za ki ga ramin da za ki soka ba sai ki ta lalube har idonki ya yi ruwa ki ce saƙa ba daɗi ki jefar. Siririn zare ma haka tace, mai kauri ake farawa da shi saboda ido ya ga yadda kowane ɗauri yake kwanciya. Ku faɗa min tsakani da Allah a garin nan ɗan kasuwa nawa ne za ki zo masa da kuɗi a hannu ya ce ki mayar da su jaka? A kasuwar Balogun da tuni an ƙara min wasu abubuwan a kan lis ɗin ma.

Kuma ba ranar kaɗai ba, haka take. Na ga wata amarya ta zo tana son ta saya mata keken ɗinki ta hannunta, Hajiya tace ki bari sai kin yi wata biyu kina taka nawa, in har kin ga ranki bai fita ba sai mu yi maganar keke, gidaje nawa na sani keke ya koma teburin ajiye fulas. Wannan maganar ta zauna min don a gidanmu ma akwai irinsa.

Yadda take koyar da saƙa ba littafi ba allo, hannu da hannu ne. Za ta zauna kusa da ke ta naɗa zaren a yatsanki ta nuna inda zai bi, sai ki fara sarƙa. Sarƙar nan za ki yi ta yi har ki gaji, ki yi doguwa ta duba ta ja zaren fuuu ta warware tace sake. Abin da take nema shi ne hannunki ya daidaita, kar wani ɗauri ya matse wani ya saki, don duk wanda ya fara saƙa matse zare yake yi kamar za a ƙwace masa, sai kwarashin ya ƙi shiga kafaɗa ta riƙe yatsu su yi tsami. Bayan sarƙa sai gajeren soki sai dogo, daga nan sai ki fara yin ɗan murabba'i. A nan ne kowa yake kunyata, ki fara da soki ashirin kina ta tafiya kina jin daɗi, ki ɗaga abin ki ga yana ta tsukewa sama ya koma kamar samosa, saboda kina tsallake sokin ƙarshe na kowane layi ba ki sani ba. Maganinta mai sauƙi ne, ki ƙirga da baki a kowane layi, kuma ki maƙala fil ko guntun zare mai wata kala a sokin farko da na ƙarshe. Shi ya sa in kin shiga ajin za ki ji mata manya da ƴaƴansu suna ta sha bakwai sha takwas sha tara, in kika yi wa mutum magana a tsakiya sai ta harare ki don kin ɓatar mata da lissafi.

Tana koyar da saƙar tsinke biyu ma amma ba ta bari a fara da ita, kuma na yarda da dalilinta. A kwarashi ɗauri ɗaya ne a kan ƙugiya, ko ya zame kin mayar shikenan. A tsinke kuwa duk layin ne a rataye, ɗaya ya suɓuce ba ki lura ba sai ya yi ta zarewa ƙasa ya bar miki rami. Ga mai yara ƙanana da za a kira ta kowane minti biyar, kwarashi ya fi rufin asiri, ki ajiye ki tashi ki dawo ki ci gaba.

Yanzu maganar zare, nan ne nake da ƙorafi na farko. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya bane, akirilik ne, dangin roba. Ita da kanta ta nuna mana, ta yanko guntu ta kunna ashana, zaren ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli mai tauri yana warin leda. Na auduga kuwa ci yake kamar takarda ya bar toka mai laushi, ulun gaske kuma warin ƙonannen gashi yake yi. To ta san duk wannan amma kusan duk abin da ke shagon akirilik ne, na auduga ɗan kaɗan ne kuma kalolin ba yawa, in ya ƙare sai a daɗe ba a kawo ba. Samfuran da ta rataye ma duk kayan sanyin jarirai ne, suwaita da hula da safa da shawul mai kauri, masu kyau kam ba ƙarya, amma dan Allah a Legas? Wannan kayan Jos ne ko Zariya lokacin hunturu. Mu nan ko a watan Janairu ɗan hazo ne na kwana kaɗan ya wuce, ki naɗe jariri a suwaitar roba cikin wannan gumin ai sai ƙurajen zafi su feso masa. Na faɗa mata tace ai masu saye suna kaiwa gida Arewa ne in an yi haihuwa, kuma kakanni ba sa yarda a kai jariri asibiti ba hular saƙa ko da rana na tsaga ƙasa. Da gaskiyarta ta wannan fannin, amma mai koyo da ke zaune a Legas tana son ta saƙa abin da za ta yi amfani da shi a ɗakinta. Jaka, ɗan kwandon zuba tarkacen madubi, shimfiɗar tebur, abin ɗora kofi ko tukunya mai zafi wanda dole sai na auduga don roba narkewa zai yi, gidan waya, ribom na yara. Waɗannan sai kin matsa mata take nuna miki, kuma jakar ma wata ɗalibarta ce Bayarabiya ta koya min yadda ake yin gindinta ya tsaya.

Wani abu da za ki kiyaye, in za ki yi babban aiki ki sayi zaren da zai ishe ki gaba ɗaya a rana ɗaya. Kala ɗaya kamfani ɗaya amma in ba rini ɗaya bane sai ki ga bambanci, a cikin shago ba ya nunawa sai kin fita rana. Wasu zaren akwai lambar rini a jikin takardar, ki duba ta zama iri ɗaya. Yaran shagon ba sa damuwa da wannan, su dai ja ja ne, in Hajiya ba ta nan sai su haɗa miki biyu daban.

Farashi kuwa, in kika kwatanta da cikin Eko wato Balogun da Idumota, nata ya ɗan ɗara, ba mamaki tunda can take sarowa. Amma can sai kin sayi dozin ko fakiti ake miki sauƙin, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda ya koma, ga turereniya ga masu jan hannu, kafin ki dawo Agege yini ya tafi ƙafa ta kumbura. Don ƙwallo biyu ko uku wallahi bai kai ba. In kin ƙware kina son zaren auduga mai yawa ko irin mai kaurin nan na jaka to lokacin ki shirya ki tsallaka gada zuwa cikin Eko. Tana karɓar tiransifa amma sai ta ga alat da idonta, in netwok ya yi halinsa za ki zauna ki jira ko ki fita wajen mai POS.

Ɓangaren ɗinki shi ne ainihin sana'arta kuma nan ta fi ƙarfi. Kekunan baƙaƙen nan ne na ƙafa irin na iyayenmu, Butterfly ne yawanci da wata tsohuwar Singer guda ɗaya da ba ta bari kowa ya hau sai ita. Akwai babban keke na wuta guda ɗaya da na wibin wato mai ɗaure bakin yadi kar ya zare, su ma na manyan ɗalibai ne. Ranar farko ba zare ba yadi, takarda za ta ba ki mai layi layi ki ɗora ki yi ta takawa allura na huda takardar, sai ta ɗaga ta a haske ta ga ko ramukan sun bi layi. Kafin wannan ma sai kin koyi taka fedar kanta, don keken ƙafa in ba ki saba ba sai ya juya baya, kuma da ya juya baya zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe. Dabarar ita ce ki fara juya ƙaramin wilin da hannun dama ta wajenki sannan ƙafa ta karɓa. Da baki abu ne mai sauƙi, amma ranar sai da cinyata ta yi ciwo kamar na taka daga Agege zuwa Oshodi.

Abin da na fi yaba mata shi ne ba ta yarda ki zama mai taka keke kawai ba ki san cikinsa ba. Sai kin iya naɗa kwarkwaro wato ɗan abin da zaren ƙasa ke naɗe a jiki, ki saka shi a gidansa da ake kira koshiya, ki ji ƙarar da yake yi in ya zauna daidai. Sai kin iya cire allura ki mayar, ki san gefen da yake a shafe ina yake kallo, don in kika juya ta keken zai yi ta tsallake ɗinki ki rasa dalili. Ta koya mana lambobin allura, 14 ita ce ta yau da kullum ta atamfa da yadi, 11 ta kaya marasa nauyi irin su shifon da mayafi, 16 zuwa 18 ta jins da masu kauri. Ni da ban san allura ma tana dakushewa ba, ashe in kika ji keke na bugawa ɗum ɗum yana jan zaren yadi to canji take so. Sannan maganar da ta fi maimaitawa, in kika ga zare ya taru ya yi gida a ƙasan yadi kar ki taɓa koshiya, matsalar daga sama take, ki zare zaren saman gaba ɗaya ki ɗaga ƙafar keken ki sake zurawa, don in ƙafar tana ƙasa zaren ba ya shiga tsakanin faifan da ke matse shi. Sau tari shikenan an gama. Wannan kaɗai ya kai kuɗin da na biya, don na san mata da suke kiran mai gyara su biya shi a kan abin da bai wuce wannan ba.

Ta kuma ja kunnenmu a kan tsatsa. Iskar Legas da laima take, allura ko fil ki bar su a buɗe lokacin damina sai ki ga sun yi ja, ki soka a farin yadi su bar miki tabo. A gwangwani mai murfi ake ajiyewa. Keke kuma a ɗiga masa mansa na keke a rufe shi da zane in an gama, kuma tace duk wadda ta zuba wa keke man gyaɗa ko man ja kar ta ce ita ta koya mata, don daskarewa yake ya kama ƙura ya ƙara tauri. Akwai wani Baba mai gyaran keke da ke zagayowa da jakarsa, in kina da matsala a gida za ta haɗa ku, mutumin kirki ne ba ya tsawwalawa.

Na tambaye ta wane keke ya dace da mai yi don sha'awa. Tace baƙin na ƙafa, ba ruwanki da an kawo wuta ko an ɗauke, kayan gyaransa ko ina akwai, kowane mai gyara ya san shi, in kin ga dama daga baya ki sa masa ƙaramin inji ya koma na wuta. Ni ma da na duba yadda kuɗin wuta ya tashi wa ƴan Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, tun watan Afrilun 2024 sai na ga maganarta a kan hanya take. Illarsa dai miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba zigzag ba ramin maɓalli, kuma yana cin wuri, mai ɗaki ɗaya a gidan haya sai ta yi tunani. Ƙananan nan na roba da ake tallatawa a intanet masu kama da abin wasan yara kuwa, wata ta kawo nata aji, atamfa ninki huɗu ya gagare shi, Hajiya ta juya shi ta ce a kai wa jikarta.

To ga inda ban ji daɗi ba sosai. Ɗinki ai yanka ne, kowa ya san wannan, taka keke kowa zai iya. Amma a wajen yanka Hajiya tana da ɗan riƙo. Za ta shimfiɗa yadi ta ɗauki tef da alli ta zana shap shap ta yanke kafin ki gane daga ina ta fara, in kika tambaya me ya sa kika ƙara inci biyu a nan sai tace ido ne, za ki gane. To Mama ido ai sai an nuna masa. Ba ta rubuta awo a tsare, ba fatan wato samfurin yanka na takarda, komai a kanta yake. Masu zama kullum daga safe zuwa yamma suna tsinta a hankali don suna gani sau ɗari, mu ƴan Asabar kuwa kafin wani satin mun manta. Dabarar da na yi ita ce na sayi littafi ina rubuta duk abin da ta faɗa, in na koma gida in gwada a tsohuwar jarida, sannan na je kasuwar Katangowa na sayo zannuwan gado na gwanjo masu arha ina yanka su ba tsoro. Kar ki soma koyon yanka da atamfar lefenki, yadi shida ne in kika ɓata hannu ɗaya ba inda za ki samo cikon, ga zanen atamfa yana da sama da ƙasa, in ba ki lura ba sai gaba fulawa na kallon sama baya na kallon ƙasa. Siket mai roba da zanen matashi da hijabin yara na iya su a wurinta da kyau. Bulawus mai dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi jiki, da saka hannu har yanzu ina fama, kuma rabin abin da na gane a bidiyo na gane shi.

Sannan tsarin wurin gaba ɗaya na ƴan koyon sana'a ne, irin wanda yarinya za ta yi shekaru tana yi wa uwar ɗaki aiki har ranar da za a yi mata bikin firidom wato na yaye ta yadda ake yi a nan ƙasar Yarabawa. Mu masu zuwa don sha'awa an ɗan liƙa mu ne a gefe. Kekuna ba su kai yawan mutane ba, in kika makara sai ki zauna a benci kina jiran layi. Ɗakin ƙarami ne taga ɗaya, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya kuma ba a tada janareta sai in za a yi wibin, zufa har cikin ido, ulu na manne miki a hannu. Lokaci ma ba a riƙe shi, an ce ƙarfe goma amma in kwastoma ta shigo da rigimar kayanta ko an zo sari sai a bar ku zaune, wataran sha ɗaya da rabi ba a fara ba, ga shi kin baro girki.

Gab da Sallah kuwa kar ma ki biya kuɗin wannan watan. Daga tsakiyar azumi aji ya mutu, duk kekunan suna kan kayan mutane, in kin je ma sai dai a miƙo miki kalmasa ko saka maɓalli ko guga, kina biya kina yi musu aiki. Ban ce mugunta bace, haka kowane shagon tela yake a lokacin, amma kamata ya yi ta faɗa tun farko ta ce ƴan Asabar ku huta sai bayan Sallah. Kuɗin ajin ma ba a rubuce yake ba, da baki ake yi, kuma na lura abin da aka ce min ba shi aka ce wa wata ba. Ba tsada, abin da nake biya a wata bai kai kuɗin ɗinkin leshi kala ɗaya a wajen telana ba, amma ki yi magana a fili tun ranar farko, nawa ne, ranaku nawa, zare da yadin gwaji na wa ne, kuma ki ce mata ke ba firidom kika zo nema ba don kar a fara aikenki sayen abinci.

Bakinta ma sai kin yi haƙuri. Ba zagi take ba amma ba ta iya rarrashi ba, za ta ɗaga ɗinkinki a gaban kowa tace wannan hanyar Ikorodu ce ko ɗinki, a yi ta dariya. In kina da saurin fushi zai miki zafi. Ni dai na gane ba har zuci bane don ita ce kuma za ta tsaya bayan an tashi ta farke miki da hannunta ta gyara, kuma ranar da na gama jakata ta farko ta riƙe ta tana nuna wa duk wanda ya shigo sayen zif.

Maza ba sa shiga ɗakin ciki, sayayya kawai a gaba. Amma wanda ke sha'awar aikin hannu akwai wani malam da ke zama a rumfar kusa da masallacin layin yana ɗinkin hula da allura irin su zanna da kube, wani lokacin har surfanin wuyan riga, nan shagon yake sayen zarensa, na ga samari biyu suna zama wurinsa suna koyo. Ni kaina in na fito nakan ɗan tsaya daga nesa in kalli yadda yake cike zanen ɗaya bayan ɗaya, aikin makonni ne a hula guda, tun daga lokacin na daina cewa Abban su yara hularsa ta yi tsada.

Hirar wurin ma wani abu ce. Hausawan Agege haifaffun nan da suke juya harshe daga Hausa zuwa Yarabanci a jimla ɗaya, da mu da aure ya kawo mu, da Yarabawa biyu uku, kowa hannu na aiki baki na aiki, a nan za ki ji inda ake samun shadda mai sauƙi da wace makaranta ta ƙara kuɗi da wa ya haihu. A gida kuma na lura daren da nake riƙe da kwarashi ba na bin TikTok har ƙarfe ɗaya, data ma tana kai min ƙarshen wata yanzu.

Wadda ba ta taɓa riƙe allura ba kuma tana son tushe mai kyau, ta je, za ta samu fiye da kuɗinta. Wadda ta riga ta iya taka keke tana neman yankan zamani da fatan irin na makarantun fashin da ke Ikeja ko Yaba, nan ba wurinta bane, ta dai riƙa zuwa sayen kaya da neman shawara. In za ki fara ki bari sai sati biyu bayan Sallah lokacin shago ya yi sanyi Hajiya na da lokacin kowa, ki je da wuri don ki samu keken da ke kusa da taga, ki tafi da littafi da biro da ruwan sha da mafici. Almakashi kuma ki sayi naki ki ɗaura masa ƙyalle don ki gane shi, na shagon duk sun dakushe saboda yara na yanka takarda da su, naki ma in kin kai gida ki ɓoye shi inda ƴan makaranta ba za su gani ba.